Shekarar da Baffa Ya Binne Gero

Abin da na fara lura da shi da na sauka daga jirgi a mashigin garinmu a daminar bana shi ne babu sanda a bakin ruwa. Na duba dama da hagu, gaɓar duk sawun shanu ne da na babura, amma ba a kafa komai ba. Na tambayi mai jirgin yadda suke sanin ko ruwa na ƙaruwa. Ya nuna mini rediyon da ke rataye a wuyansa, ya ce ai in za a sako ruwa daga madatsa ana faɗa. Na ce kullum ake faɗa? Ya yi dariya, ya ce wani lokaci ruwan ne ke riga sanarwar isowa. Na ɗauki ƙullin kayana na hau tudu, iska na kawo mini warin laka da na ɗanyen kifi, ina tafe ina tuna wata damina da na yi a garin nan ina yarinya.

A lokacin ina aji uku a makarantar elementare a Haɗeja. Mu 'yan mata ba mu da yawa, tabarma ɗaya ta ishe mu a bayan aji. Mahaifina magini ne na En'e, shi ya sa aka ce ya ba da ɗa ɗaya makaranta, ya ba da ni domin yayyena maza suna taya shi aiki. Ban cika magana ba. Malaminmu ya fi sanin rubutuna da muryata. Kowace safiya, kafin a fara komai, yakan sa mu rubuta rana da wata da shekara a saman allo, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Wanda ya manta, sai ya goge duk abin da ya rubuta ya sake daga fari.

Shekarun babban yaƙin Turawa ne. Mu ba mu taɓa jin ƙarar bindigarsa ba, a kasuwa muka san shi. Gishiri ya yi wuya, kananzir ya ɓace, yadin alawayyo sai wanda ya san wani a kanti. An ɗebi samari aikin soja, wasu kuma aka kai su haƙar kuza. Cikin waɗanda suka tafi soja har da Yaya Habu, babban ɗan Baffa Sale. Baffa Sale ƙanen mahaifina ne, shi ke riƙe da gonakin gidanmu a ƙauye. Tun da Yaya Habu ya tafi, wasiƙa ɗaya aka samu.

Da aka ba mu hutun damina, aka sa ni a jirgin wani masunci zuwa wurin kakata, Iya, domin a birni abinci ya fara gajarta, ana ganin ƙauye ya fi dama. Mun isa da hantsi. A irin wannan lokaci garinmu yakan ɗauki ƙarar daka daga kowane gida, taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, har da tafi. Ranar nan turmi biyu kaɗai na ji, su ma ba su daɗe ba suka yi shiru.

Daminar da ta wuce ce ta yi gardama. Ruwan sama ya ɗauke da wuri, kogi bai fantsama cikin fadama yadda ya saba ba, shinkafa ta bushe a tsaye. Abin da ya rage mana gero ne a rumbu ɗaya, shi zai kai mu har sabon gero ya nuna. A gona geron ya kai ƙirjin mutum, ya yi ciki, bai fitar da kai ba. Manya suka ce saura kamar wata guda a ga tumu.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Da asuba Inna Falmata, matar Baffa, ta dama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, kowa ya sha ludayi biyu ko uku. Baffa da ƙannen Yaya Habu su ɗauki fartanya su tafi. Mu mata mu bi gefen gonaki muna tsinkar tafasa da rama da yaɗiya, raɓa na jiƙa mana zane har gwiwa. Kafin azahar zafi ya sauko, mai danshi, wanda ke manne wa jiki, ƙasa na tururi. Da rana a dafa ganyen, a barbaɗa masa ɗan gari a ci. Tuwo sau ɗaya ne, da yamma, Iya ce ke auna tsabarsa da wata ƙaramar ƙwarya mai ɓallen baki. Nakan ga tana cika ta, sannan ta sa ɗan yatsa ta share saman ta mayar. La'asar na yi hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa zana, ruwa ya zubo. In ya ɗauke sai kwaɗi su karɓa, sauro ya biyo baya.

Iya tana da sandarta a bakin kogi. Reshen giyayya ne ta kafa a inda gaɓa ta gangara, ta yi masa tsaga-tsaga da wuƙa, faɗin yatsu huɗu tsakanin kowace biyu. Kowace safiya takan ja ni mu je mu ga tsaga nawa ruwa ya ci. In ta duba, sai ta zauna a kan wani kifaffen jirgi ta jira masu jirgin da suka gangaro daga yamma, domin ruwan da ya wuce garuruwansu shi zai iso mana bayan 'yan kwanaki. Tambayoyinta ba sa canzawa. In mutum ya ce ruwa ya shiga gonakin wani gari, sai ta ce da idonsa ya gani ko gaya masa aka yi, a wane gari ne, kuma yau kwana nawa. Masu jirgi suna kiranta Alƙalin Ruwa. Wani yakan ce mata tun daga nesa, “Iya, yau ban ga komai ba, idona a rufe na taho, a sallame ni.” Ita kuwa sai ta ce ya matso dai, ai bakinsa a buɗe yake.

Ranar wata kasuwa Tanko mai kanwa ya sauka a gidanmu. Abokin Baffa ne daga ƙasar tudu, can bayan Malam Madori, yana zuwa da jakai, a zaurenmu yake kwana. Shi ya kawo labarin cewa dogarai da 'yan doka suna bi gida-gida suna buɗe rumbuna, suna kwashe hatsi domin ciyar da soja da masu haƙar kuza, ba sa barin ko na kunu. Kafin la'asar labarin ya gama gari. Ya kuma kawo wa Iya tsarabar gishiri, ɗan kaɗan, ƙulle a cikin yagaggiyar takardar jarida. Wani maƙwabci ya ga rubutu a jiki, ya ce ai akwai 'yar boko a gidan nan, a kira ta.

Ban taɓa shiga zaure maza na zaune ba. Na durƙusa a bakin ƙofa, Baffa ya miƙo mini takardar bayan ya juye gishirin a tafin hannunsa. Ta yi laushi, gishiri ya ci wasu haruffa. Na karanta a hankali. Abin da ya rage a jikinta ya ce gwamnati na bukatar hatsi domin sojoji da ma'aikatan kuza, an kuma umarci kowace gunduma ta yi wani abu. Daidai nan takardar ta yage.

A saman takardar, can kusurwa, akwai ƙananan haruffa. Idona ya saba zuwa nan tun kafin ya je ko'ina. Wata ne da shekara, kuma na bara ne, lokacin kaka. Na gani sarai. Na buɗe baki, amma maza sun riga sun ɗauki magana, kowa na faɗin tasa.

“Kun ji ko?” in ji Tanko. “Ga shi nan a rubuce. Ni ban iya boko ba balle a ce ni na ƙaga.”

Baffa ya ce in tashi in shiga gida, Allah ya yi mini albarka. Na tashi na shiga. Takardar aka sake ƙulle gishirin da ita, aka kai wa Iya.

Tanko ne ya faɗa musu yadda ake yi a wajensu. A haƙa rami mai ƙaramin baki da faɗin ciki, zurfinsa ya kai ƙirji, a shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa da gefe, a zuba tsaba, a rufe da zana a mayar da ƙasa. Ya ce a garinsu hatsi kan shekara biyu a haka ko ƙwaro bai taɓa shi ba. Gaskiya ya faɗa, haka suke yi.

Baffa ya zaɓi ɗakin awaki, domin kashinsu zai rufe alamar haƙa. Kwana biyu Inna Falmata da ni muna sussuka kaɗan-kaɗan, muna tsayawa muna ci gaba, don kada maƙwabta su ji dakan ya yi yawa, alhali su ma abin da suke yi ke nan. Da tsakar rana, lokacin da gari ya watse gona, Baffa ya haƙa ramin. Aka bar 'yan dammuna a rumbu, na ci yau da gobe, kuma na nuna wa masu bincike in sun zo.

Iya ta yi magana sau ɗaya. Tana tsaye a ƙofar ɗakin, ta ce, “Sale, ƙasarsu Tanko rairayi ce, rijiyarsu sai an ƙulla igiya da igiya. Mu a kan ruwa muke kwana.”

Baffa ya ce ɗakin awaki ne mafi tudu a gidan, tun yana yaro ambaliya ba ta taɓa taka ƙofarsa ba. Iya ta ce ba ta ƙofa ruwan zai shigo ba. Ya dakata da haƙar, ya jingina da fartanya, gumi na ɗiga daga gemunsa.

“Sun ɗauki Habu ina kallo,” ya ce. “Ba za su ɗauki abincin yaran nan ina kallo ba.”

Iya ta juya ta koma ɗakinta. Aka zuba geron aka rufe.

Daga ranar nan nake zuwa bakin kogi da wani nauyi a ƙirji. Ruwa ya fara zuwa da gaske, ja, ɗauke da kumfa da karare. Yau ya ci tsaga ɗaya, jibi ya ci biyu. Rijiyar gidanmu, wadda da na zo sai an saki guga sosai, ta taso har Inna Falmata na ɗiba da gajeriyar igiya. Babu dogarin da ya zo. Kowace safiya a ce suna garin gaba, gobe za su iso. Ni kuwa in na zauna cin tuwo sai in riƙa tuna haruffan nan na kusurwar takarda. Na san cewa da na faɗa, wataƙila da ba a haƙa ramin ba. Na kuma san cewa duk kwanan da na ƙara ban faɗa ba, faɗin na ƙara wuya.

Ranar da ruwa ya rufe tsaga ta biyar, muna zaune a kan kifaffen jirgin nan, babu kowa kusa, na gaya wa Iya. Ban dube ta ba, ruwa nake kallo. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ba ta labarin allonmu da abin da Malam ke sa mu rubutawa kowace safiya.

“Ashe takarda ma ana tambayarta yau kwana nawa,” ta ce. Sannan ta ɗan bugi gwiwata. “Malama, kin iya karatu, ba ki iya buɗe baki ba. To, tashi. Gobe za ki raka ni.”

A safiyar nan ta canza wa masu jirgi tambaya. Ba ta ruwa ta yi musu ba, ta rumbuna ta yi. Kowa ya ji labarin. Wanda ya fito daga wajen Haɗeja ya ce a ƙasar Kafin Hausa aka yi. Wani da ya fito daga can ya ce shi dai ya ji a wajen Malam Madori ne. Wani ya ce an yi wa maƙwabcin surukinsa. Iya ta ce mene ne sunan mutumin, wane gari? Ya sosa ƙeya, ya ce zai tambayo. Na lura duk wanda aka tambaya, garin da abin ya faru yana gaba da inda ya kwana. Babu wanda ya ga buɗaɗɗen rumbu da idonsa.

Washegari muka shiga jirgi zuwa garin hakimi. Hanyar ƙafa ta riga ta nutse. Fadama ta zama ruwa ɗaya shimfiɗe, shinkafa ta leƙo kai kore shar, mai jirgi na bi ta tsakanin gonaki da gora mai tsawo yana kiran sunan mai kowace gona. Masunta na kwance a kan manyan gorunansu suna iyo da ƙafa. Kirinjijiya ta tashi garke guda tana fito. Kunun asuba ya daɗe da barin cikina, rana kuma na dukan ruwa tana dawowa ido. Iya ta ba ni guntun goro in tauna.

A ƙofar zauren hakimi wani dogari ya tambayi Iya ko ƙara ta kawo. Ta ce tambaya ta kawo. Ya ce ba a saba kawo wannan ba, amma ta shiga. A ciki akwai allon katako a jikin bango, an kafe takardu da ƙusa, wasu da boko wasu da ajami. Malamin hakimi, wani saurayi mai tabon tawada a yatsa, ya gaida Iya ya ce ta faɗi abin da take son sani, shi zai gaya mata. Ta gode masa, ta ce ta zo da mai karatunta. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya nuna mini takardar da ta shafi hatsi.

Sama na fara dubawa. Watan da muke ciki ne, shekarar da muke ciki. Na faɗa wa Iya haka kafin in karanta komai. Takardar ta ce gwamnati za ta sayi hatsi bayan an yi girbi, ta hannun masu gari, kowane gari da abin da za a ɗora masa. Ta ce ba a ba kowa izinin shiga gida ko buɗe rumbu ba, wanda aka zo wa da haka ya kawo ƙara. Iya ta sa na karanta sau biyu.

Sai ta juya kan malamin. Ta ce in haka ne me ya sa ba a yi shela ba? Ya ce an aika wa kowane bulama, wato mai gari, ya sa a yi. Iya ta tuna an buga gangar shela wata rana da hantsi, gari duk yana gona, waɗanda suka ji daga nesa kalmar hatsi da ta gwamnati kaɗai suka tsinta. Ta tambaye shi ko nawa za a ɗora wa garinmu. Ya ce bai sani ba, ba a aiko ba tukuna. Ta tambaye shi ko akwai labarin yaran da suka tafi soja. Ya ce wannan ma bai sani ba, ba kuma zai ƙaga mata ba. A hanyar dawowa Iya ta ce yaron nan ya kwanta mata, domin sau biyu ya ce bai sani ba.

Mun tarar da Baffa ya dawo daga gona, yana wanke ƙafa a bakin rijiya. Iya ta zauna a kan turmi ta ba shi labari a jere: abin da masu jirgi suka ce, abin da ke kafe a zauren hakimi, da watan da aka rubuta shi. Ya saurara har ta gama.

“Iya, wanda zai ɗauki hatsin shi ya rubuta takardar,” ya ce. “Lokacin Habu ma cewa aka yi sai wanda ya so.”

Iya ta ce wannan gaskiya ne, ba ta da abin cewa a kai. Sannan ta ce in faɗa masa abin da na faɗa mata. Na ɗauko ƙullin gishirin, na nuna masa kusurwar da yatsa ko da yake ba zai iya karantawa ba, na ce ta bara ce. Ya daɗe yana kallona.

“Me ya hana ki faɗa ranar?”

Na ce ana magana ne.

Bai yi faɗa ba. Ya ce to, ta bara ce ko ta bana, waɗanda suka so hatsi bara ba su ƙoshi ba. A bar geron inda yake har azumi ya kama, in ba su zo ba a tone. Azumi saura kwana goma sha wani abu. Ya ɗauki butarsa zai wuce.

Ban san inda na samo muryar ba. Na ce, “Baffa, awaki sun daina kwanciya a tsakiyar ɗaki.”

Ya tsaya. Na ce yau kwana uku a jikin bango suke cunkushewa, har jar akuyar nan da ba ta yarda a raɓe ta. Na ce kuma jiya tururuwa sun fito daga wurin a jere, ɗauke da fararen ƙwayayensu, sun hau bango.

Baffa ya ajiye butar. Ya je ƙofar ɗakin ya tsaya. Awakin na nan a takure a gefe, sun bar tsakiya fili, ƙasar wurin ta fi sauran duhu. Ya shiga ya danna ta da dunduniya. Ya fito ya ɗauko fartanya.

Warin ne ya fara fitowa tun kafin a ɗaga zanar, tsami kamar na gasarar da ta kwana uku. Geron sama lafiya lau yake, a bushe. Da aka kai tsakiya ya yi ɗumi, ya dunƙule, sai an murje shi da hannu. Na ƙasa ya tsira, fararen saiwoyi sun sarƙe juna kamar gashi, ƙarƙashinsu kuma baƙin ruwa ne da ruɓaɓɓen ƙaiƙayi. Baffa na cikin ramin yana miƙo ƙwarya, muna karɓa muna juyewa a tabarmi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Inna Falmata ta zauna a gefe tana tsince wanda ya tsira daga wanda ya ruɓe, ƙwaya-ƙwaya, hawaye na zuba, ba ta fasa tsintar ba.

Da ya fito daga ramin, laka har cinya, Baffa bai tsaya wanka ba. Ya bi gidajen da ya san sun binne nasu yana cewa su tone. Wasu suka tone a yammar nan. Wani gida suka ce ba su binne komai ba, shi ma ya zo ne don ya ji asirinsu. Bayan mako biyu matan gidan suka fara zuwa wurin Iya da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi, ita kuma ta riƙa zuba musu da ƙwaryarta mai ɓallen baki, ba ta share saman ba.

Kwanakin da suka biyo baya na shanya ne. Rana na fitowa mu baza geron a kan zana da tabarmi, mu zauna gadinsa saboda kaji. Hadari na tasowa mu kwashe a guje. Wata rana sau uku muka fitar muka mayar. Wanda ya tsira aka busar aka niƙa, kununsa na da wani zaƙi-zaƙi da ɗan ɗaci a ƙarshe, har yau ina jin sa a harshena in na tuna. Tuwo ya koma na kwana bi-biyu. Tafkuna sun cika, muka shiga ruwa har ƙugu muna cirar bado, a shanya 'ya'yansa a daka a haɗa da ɗan gero. Masunta na ba da ƙananan karfasa a musanya da ganye. A haka azumi ya same mu, kuma bai yi mana baƙunta ba, mun riga mun saba. Ana cikinsa Baffa ya shigo wata yamma da kawunan gero guda shida a hannu. Inna Falmata ta gasa su a bakin murhu, ƙamshin tumu ya cika gidan, muka zauna muna kallonsu har aka kira salla.

Babu wanda ya zo buɗe rumbu a daminar nan. Da kaka ta yi aka zo sayen hatsin ta hannun Bulama, kamar yadda takardar ta ce. Sai dai abin da aka ɗora wa garin ya fi yadda kowa ya zata nauyi, mudun awon kuma sai an yi masa tozo. An ce Baffa ya dubi Iya ya ce ta gani ko? Ta ce ta gani, amma a kaka suka zo. Tanko ya dawo da jakansa bayan ruwa ya janye, ya ce shi abin da ya ji ya faɗa, kuma a garinsu ko ƙwaya ba ta lalace ba. Baffa ya shimfiɗa masa tabarma a zaure kamar kullum. Yaya Habu ya dawo bayan an gama yaƙi, ya rame, ya ce a inda aka kai su shinkafar wata ƙasa suka yi ta ci, bai taɓa ganin geronmu ba.

Yanzu a garin nan kowane zaure da rediyonsa, labarin gwamnati da na soja na shigowa sau da yawa a yini, daga tasha fiye da ɗaya. Ɗakin awakin ya rushe tuntuni, an yi na bulo a wurin. Jikokin Baffa da na sauka wurinsu ba su san an taɓa haƙa rami a ƙarƙashinsa ba.

Amma maganar kaka da ta dawowar Yaya Habu duk daga baya ne. Ni hutuna ya ƙare tun ruwa bai fara janyewa ba, aka mayar da ni Haɗeja. A makaranta jarida takan zo wa Malam jefi-jefi. Yakan karanta mana wani yanki ranar Alhamis, in ya gama a yayyage ta, wani ya naɗe littafi, wani ya kai gida a ƙulla kaya. Ranar Alhamis ta farko na tsaya bayan an tashi don in roƙe shi, na kasa, na fita. Ta biyu ma haka. A ta uku na jira har ajin ya watse, na durƙusa a gefen teburinsa. Ya ɗago kai ya dube ni da mamaki, domin ban taɓa zuwa ba tare da an kira ni ba. Ya ce lafiya?

Na ce, “Malam, in an gama da jaridar, a ara mini ita gaba ɗayanta. Kada a yage saman.”